Na Ɗaga Ledar Motarka, Baba

Zuwa ga Baba,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka gaisuwar da na saba, a durƙushe, kaina a ƙasa. Na san wannan wasiƙa ba za ta same ka ba. Inda kake ba a kai saƙo, kuma ko da kana raye ba ka karatun boko, sai dai ka miƙa wa wani ya karanta maka, ni kuwa ba na son kowa ya ji abin da ke cikinta. Duk da haka zan rubuta. Da ma tsakanina da kai ba a doguwar magana, daga ina kwana sai a dawo lafiya. To yau ni zan yi magana, kai ka yi shiru, tunda shiru ka fi kowa iyawa.

Bari in fara da labarin gida, kada ka ce ba ni da tarbiyya. Inna ta fita takaba, lafiyarta ƙalau, sai ciwon gwiwar nan da ka sani. Geron gonar bayan gari bai yi abin kirki ba, don taki ya gagari kowa bana, wanda ya samu ma da cokali yake zuba shi. Gyaɗa ta ɗan taɓuka. Tsada kuwa ka tafi ka bar ta tana ƙaruwa. Gidajen da ka sani da hayaƙi safe da rana da yamma, yanzu sai yamma kake ganin hayaƙinsu, kuma ba mai yi wa wani dariya. An raba gado ba hayaniya. Ƙannena duk sun yarda kada a sayar da motarka, tunda ita ce cin gidan nan, suka ce ni babba in riƙa jan ta. Shi ya sa na bar tuƙin da nake yi wa mutane a kasuwar Dawanau, na kwaso matata da 'yata Zainabu muka dawo ɗakin da ke kusa da zaure. Garin da na rantse ba zan sake zama a cikinsa ba, ga ni a ciki saboda kai.

Motar ce ta sa na ɗauki biro. Ka san halin da ka bar ta. Injin da sauran ƙarfinsa, amma ƙasanta ya gama aiki. In ana ruwa sai fasinja sun ɗaga ƙafa, in rani ne hayaƙin salansa ya cika ciki har mata su riƙa toshe hanci da mayafi. Ranar kasuwar Ɗanbatta wata tsohuwa ta taka gefen kujerar tsakiya, ƙafarta ta zarce har idon sawu, takalminta ya faɗa titi muna cikin tafiya. Allah Ya kiyaye, ƙujewa kawai ta yi, amma ta wanke ni tas a gaban jama'a, kuma da gaskiyarta. Shugabannin tasha suka ce ba zan ƙara yin lodi ba sai na gyara. Ban yi musu gardama ba. Motar da ta yi shekara da shekaru tana ɗaukar takin zamani da buhunan gishiri da awaki masu fitsari da kwandunan jiƙaƙƙen tumatirin lambunan Watari, ai tsatsa ba ta zalunce ta ba.

Na kai ta wurin Malam Idi mai walda, wanda garejinsa ke bayan tasha. Ba ka taɓa kai masa aiki ba, ba ka taɓa kai wa wani mai walda ba, kuma sai yanzu na gane dalili. Taya da birki da inji kowa ya gyara maka, amma ledar da ka shimfiɗa a ƙasan motar nan ba mai ɗaga ta sai kai. Shara da kanka, wanki da kanka, ko ƙannena sun ɗauki tsintsiya sai ka kore su. Mutane suna cewa Malam Direba akwai tsafta, akwai riƙon abu da amana. Mu ma a gida haka muke cewa.

Muka kwance kujeru muka fitar. Muka yaye ledar, ƙarƙashinta wata leda, ƙarƙashin wannan kuma tsofaffin buhunan taki da ka manne da kwalta. Warin da ya taso sai da muka ja baya. Malam Idi ya ɗauki 'yar guduma yana ƙwanƙwasa ƙasan yana saurare. Duk inda ya taɓa sai ƙarfen ya marmashe ya zube kamar ƙuli-ƙuli, ka hango yashi ta cikin ramin. Yana dariya yana cewa wannan mota addu'ar fasinja ce kawai ke riƙe da ita. Ya zana da alli duk inda zai yanke, ya ce sai an bi tsatsar har inda lafiyayyen ƙarfe ya fara, in ba haka ba walda ba za ta kama ba, wutar hudawa za ta yi ta wuce. Yana cikin haka ya iso bayan kujerar direba, ya buga, sautin ya fito daban. Ya sake bugawa, ya ce a'a, nan kam akwai ƙarfe na gaske. Ya kunna wutar gas ya narkar da kwaltar, ya sa cizal yana kankarewa.

Shuɗin fenti ne ya fara fitowa, Baba. Sai gurbin hinji, irin na marfin ƙofa. Sai wani yanka mai kama da rabin wata a gefe, wanda igiyar guga ta goge shi har ya yi santsi. Da notuna aka ɗaure shi, kowane noti da guntun robar taya a ƙarƙashinsa, irin ɗaurin da ba wanda na taɓa gani yana yi sai kai. Malam Idi ba mutumin garinmu ba ne, shi ƙarfe kawai ya gani, har yana yaba kaurinsa. Ni kuwa na zauna a kan wata tsohuwar taya. Murfin rijiyar unguwarmu ne. Murfin da aka ce ni na sace.

Ko ka manta? Ni ban manta ba, bari in tuna maka. Shekarar da mai ya yi wuya ce, motoci suna kwana a layi, hatsi ya ƙare a rumbuna tun damina ba ta kankama ba. Matan unguwa ne suka yi karo-karo daga abin da suke samu a ƙuli-ƙuli da daddawa, suka sa aka ƙera wa rijiya murfi saboda yara, aka shafa masa shuɗin fenti. Bai daɗe ba aka wayi gari babu shi. Ni lokacin ina tashen samartaka, na ɗora wa kaina tsintar gwangwanaye da fasassun kwanuka da guntayen ƙarfe, ina kai wa 'yan gwangwan ranar kasuwa, ina samun na sabulu da na silifa don kada in tambaye ka. Ba a sha wahalar neman ɓarawo ba. Wa ke yawo da buhun ƙarfe a garin nan? Ni, Habu.

Ana cikin wannan cece-kuce, Ladidi 'yar maƙwabcinmu Malam Ɗanjuma, yarinyar da ko aike ba ta isa ba, ta bi yayarta ɗiban ruwa, ta leƙa, ta faɗa. Rijiyar ta ja baya saboda fari, ruwan bai kai ya tare ta ba. An ciro ta da rai, amma ƙugunta a karye. Wa ya kai ta asibiti? Kai. Ka sauke fasinjanka, ka sa uwarta ta rungume ta a kujerar da ke bayanka, ka ƙi karɓar ko na mai. Na auna wurin da idona a garejin Malam Idi. A kan murfin uwar ta ɗora ƙafafunta, Baba. A kansa jinin yarinyar ya ɗiga, leda ce kawai tsakani, kuma kai ka wanke da hannunka. Da wace zuciya ka tuƙa motar nan har asibiti? Me kake faɗa wa kanka a hanya?

Da ka dawo aka taru a ƙofar gidan Mai Unguwa, aka tsayar da ni a tsakiya. Na rantse da Allah, na ce a kawo Alƙur'ani in dafa. Na dube ka, ina jira ka ce ɗanka ba ɓarawo ba ne. Ban ma sa ran za ka ambaci sunana ba. Ni ɗan fari ne, tun da aka haife ni sunana bai taɓa fita daga bakinka ba, sai yaron nan, sai wancan. Kunyar ɗan fari ce, kowa ya san al'ada, ni ma ban taɓa jin haushinta ba, don na zaci iyakarta baki. Sai ka tashi ka je mota ka ɗauko tsohon bel ɗin inji. Ka dake ni da shi a gaban dattawa da mata da yaran da muke wasa tare, ka dake ni har sai da Mai Unguwa da kansa ya riƙe hannunka. Har yau tabon yana bayana. Matata ta tambaye ni, na ce daga kan kaya na faɗo a Dawanau. Mutane suka watse suna cewa kun ga uba na gari, bai goyi bayan ɗansa ba. Inna tana bayan katanga tana ji, ba ta fito ba, don uwa ba ta fitowa ta kare ɗan fari a bainar jama'a, sai a ce ba ta da kunya. Ka san da haka. Ka san duk cikin 'ya'yanka ni ne wanda ba mai tsaya masa. Ashe shi ya sa abin ya zo maka da sauƙi?

Da kaka ta yi, ka sayo sabon murfi ka kai da kanka, ka ce ɓarnar ɗanka kake biya. Liman ya yabe ka a masallaci. Daga ranar ka zama mutumin da ake ba ajiya, ake kira sasanta rigimar gona, ake sakawa gaba wajen neman aure. Ni kuma na zama Habu Murfi. In na shiga shago mai shago ya jawo kayansa kusa da shi. In akuya ta ɓata a biyo ta ƙofar ɗakina. Yarinyar da na fara nema, ubanta ya aiko a ce in daina zuwa, gidansa ba ya haɗa jini da mai dogon hannu. Na tattara na bar gari, na yi dakon buhu a Dawanau har kafaɗuna suka yi kanta, kafin wani ya tausaya ya koya mini tuƙi. Kai da kake direba, ɗanka a hannun bare ya koyi riƙe sitiyari.

Ka san abin da ya fi ƙona mini rai? Duk shekarun nan ina ganin kuskure ka yi. Ina cewa Baba ya zaci ni ne, jama'a sun rinjaye shi, wata rana gaskiya za ta fito ya ji kunya, ni kuma in ce masa ba komai. Har na tsara yadda zan faɗe ta, in sunkuyar da kai don kada ka ji nauyi. Duk salla ina aiko maka da shinkafa da yadi, don ka gane ɗanka da guminsa yake ci. Kana karɓa, kana aiko mini da sa albarka. Wace irin albarka ce wannan, Baba? Da wane baki kake sa ta?

Kada ka ce ban san halin da kake ciki ba a lokacin. Na sani, yanzu ni ke riƙe da sitiyarin nan, na san bakunan da ke jiran motar ta dawo da yamma. Na tuna jami'an hanya sun tsare ka saboda ramin da ke ƙasanta, na tuna ka kwana biyu ba ka fita ba, Inna tana dama mana kunu ba gardi. Fallen ƙarfe ya fi ƙarfinka a shekarar, kuma kai ne mai fara fita a unguwa kafin mata su fito ɗiban ruwa. Da ka ɗauka ka yi shiru aka ce ɓarayin wani gari ne, da na ce yunwa ce, Allah Ya yafe mana baki ɗaya. Ba satar ce ke cina ba. Dukan ne, Baba. Me ya sa sai da ka dake ni? Wa ya ce ka tashi? Ba wanda ya miƙa maka bel ɗin nan, da ƙafarka ka je ka ɗauko. Ko kana ganin kanka kake duka? In haka ne, a bayana ya sauka.

Kuma ka samu dama, ba ka ce ba ka samu ba. Ka yi doguwar jinya, ni na bar aikina na zo, ni ke ɗaga ka, ni ke juya ka, ni ke kai ka bayan gida. Akwai wata la'asar da ka riƙe hannuna ka daɗe kana kallona, bakinka yana motsi. Na sunkuyo da kunnena. Me ka ce? Ka ce in riƙa duba ruwan lagireto, tana shan ruwa. Ranar jana'iza liman ya ce duk wanda ke da haƙƙi a kanka ya yafe, jama'a suka amsa, ni ma na amsa da ƙarfi ina hawaye. Kuskure na yafe maka ranar, don ban san da gangan ka yi ba.

Na ce wa Malam Idi ya dakata da wannan gefen. Na kwance notunan, na nannaɗe murfin cikin buhu, na ɗora a babur na kawo gida. Na sami Inna ita kaɗai a inuwar rumbu tana ɓarar gyaɗa, na ajiye a gabanta na buɗe. Na so ta yi salati, na so ta dafe ƙirji. Ba ta yi ba. Kallo ɗaya ta yi masa ta mayar da kai kan gyaɗarta, ta ce in rufe kada yara su shigo. Ashe ta sani. Ta ce ba tun farko ba, sai bayan na bar gari, wata rana ka ɗaga ledar za ka ƙara kwalta, ta kawo maka ruwa ta gani. Ta ce ta yi maka magana sau ɗaya, ka ce in ta sake tayar da zancen za ka shiga duniya ka bar mata yara. Ta roƙe ni don Allah don Annabi in rufa maka asiri. Ta ce ƙanwata Hauwa ana maganar aurenta, ta ce fasinja suna tsallake motoci masu kyau su shiga tamu ne don motar Malam Direba ce, ta ce mamaci ba ya tashi ya kare kansa. Na ce ni da nake raye wa ya kare ni? Ban taɓa ɗaga wa Inna murya ba sai ranar, kuma wannan ma kai ka jawo.

Akwai abin da ban gaya maka ba a labarin gida. Kwanan baya Zainabu ta dawo daga islamiyya tana kuka. Fensirin wata yarinya ya ɓata, duk ajin jakarta kaɗai aka zazzage, yara suna ce mata 'yar Murfi. Zainabun da kake ɗorawa a cinya kana ɓare mata alewa, kana ce mata amaryarka. Abin da ka ɗora mini bai tsaya a kaina ba, ya gangara kan jikarka. To ga murfi a hannuna. Ranar Juma'a bayan an sallame, ba sai na yi wani dogon bayani ba, in jingine shi a bangon masallaci, in kira Malam Idi ya faɗi inda ya ciro shi. Duk wani babba a garin nan zai gane shi. Na yi ta juya wannan tunani a raina, kuma ba zan ɓoye maka ba, daɗinsa nake ji.

Amma kafin jama'a akwai mai haƙƙi. Ladidi tana aure a unguwar gabas, da 'ya'yanta, har yau tana tafiya tana jan ƙafa. Tun daga wancan lokaci ba ta taɓa amsa gaisuwata ba, kuma ban ga laifinta ba. Ranar rasuwarka ta fi wasu 'ya'yanka kuka, tana cewa kai ka ceci ranta. Na nemi izinin mijinta, ta fito zaure fuskarta a ɗaure. Na buɗe buhun, na faɗa mata inda na same shi. Ta daɗe tana kallo, ta sa yatsa a gurbin igiyar. Sai ta zame ta zauna a ƙasa tana kuka marar sauti, ta ce ashe duk shekarun nan wanda bai ji ba bai gani ba take kai wa Allah ƙararsa a sujada. Ta roƙe ni gafara, na ce ba ta yi mini komai ba. Na ce ba don kaina kaɗai na zo ba, kana can kwance da haƙƙinta a wuyanka, ita ta san abin da za ta yi da shi. Ka san me ta ce? Ko numfasawa ba ta yi ba, ta ce ta yafe maka duniya da lahira. Ta ce uwarta ta sha ba ta labarin yadda kake kuka kana tuƙi ranar, har suna mamakin irin tausayinka. Sannan ta ce in ina so za ta tsaya gaban Mai Unguwa ta ba da shaida, in kuma ina so za ta tafi da maganar kabarinta, zaɓi nawa ne.

Ka ga irin sa'arka, Baba? Kowa yafe maka yake yi tun kafin a gama roƙonsa. Na fito daga zauren nan na fi yadda na shiga fushi.

Murfin ya kwana biyu a ƙarƙashin gadona. Mota tana can a buɗe kamar akuyar da aka feɗe, ba lodi, ba abin da ke shigowa, Inna ta fara auna tsaba da gwangwanin madara. Malam Idi ya aiko cewa ya gama sauran wuraren da ƙarfen tsohon duro da rufin wata mota da ta yi haɗari, amma ramin bayan kujerar direba ya yi faɗi, kuma nan ne ke ɗaukar nauyi, yana son ƙarfe mai kauri. Sabon ƙarfe kam ya san ba zan iya saye ba a wannan marra, to me ya hana in mayar masa da wancan mai kyau da na tafi da shi? Na zauna na yi dariya ni kaɗai, har matata ta tsorata. Ga ni a daidai inda ka tsaya, rami a ƙasan mota, yunwa a gida, murfin rijiya a hannu.

Na yi lissafin abin ta kowace fuska. In na tona, Habu ya wanku, amma auren Hauwa ya watse, Inna ba ta ƙara shiga taron mata, ƙannena duk su zama 'ya'yan wanda ya yi sata ya kuma daki ɗansa a kanta. Zainabu ta tashi daga 'yar ɓarawo ta koma jikar ɓarawo. Sunan da ke kan mutum ɗaya ya rufe gida gaba ɗaya. Ka ɗaure ni ta kowane gefe, Baba, ko da ka zauna ka tsara bai fi haka ba. Ana cikin haka, wata safiya sai ga Ladidi ta shigo gidanmu da sallama, gidan da ta daina takawa tun tana yarinya sai ranar ta'aziyyarka. Ta zauna da matata suka gaisa, sannan ta kama hannun Zainabu ta raka ta islamiyya ta tsakiyar gari, tana jan ƙafarta, kowa yana kallo. Ba ta ce wa kowa komai ba. Tun daga ranar ba a sake zazzage jakar yarinyar ba. Abin da kai mai ƙafa biyu lafiyayyu ka kasa yi mini ke nan.

Na mayar da murfin gareji. Malam Idi ya goge fentin da injin gurza har ƙarfen ya yi fari, ya yanke gefen da ke da gurbin igiya da na hinji, ya daidaita shi da ramin. Ya ɗiga walda a kusurwoyi tukuna, sannan ya bi shi kaɗan-kaɗan yana tsallakawa daga wannan gefe zuwa wancan, don kada zafi ya lanƙwasa shi. Ina tsaye ina kallon shaidata ɗaya tilo tana narkewa tana zama jikin mota. Ya ce in kawar da kai wutar za ta ɓata mini ido, ya zaci ita ce ta sa nake hawaye. Ya shafa jan fenti mai hana tsatsa sama da ƙasa, ya bi shi da baƙi. Guntayen da ya yanke, da hannuna na jefa su cikin tarin da 'yan gwangwan ke kwashewa. Yanzu ko kai ka tashi ba za ka gane shi ba.

Mota ta koma lodi. Ba ruwa, ba hayaƙi, mata suna sauke ƙafa a ƙasa hankali kwance. A tasha ana ta cewa motar Malam ta dawo, Allah Ya jiƙan mutumin kirki. Wani dattijo abokinka ya dafa kafaɗata ya ce tunda Allah Ya shirye ni, in yi ƙoƙari in gaji halinka. Na ce masa in sha Allahu, na kunna mota.

To na rufa maka asiri, Baba, kuma ba zan buɗe ba har in mutu. Inna ta ce tunda na yi wannan in ƙarasa ladana, in furta yafiya, kada a tsare ka saboda ni. Jiya bayan la'asar na je maƙabarta. Na tsugunna wajen kanka, na karanta abin da ake karantawa, na roƙa maka rahama, kuma har cikin zuciyata na roƙa, don ba na son wuta ta taɓa ka. Sai na buɗe baki in ce na yafe. Ya ƙi fitowa. Na share fuska na sake gwadawa, ya ƙi. Na zauna har aka kira magariba, na tashi ban faɗa ba.

Ba zan yi maka ƙarya ba, ƙarya ta isa haka a gidan nan. Wancan da na amsa ranar jana'iza na janye shi. Wataƙila wata rana in iya, in na tsufa, in zuciyar ta gaji. Yau dai ban yafe ba. Duniya na bar maka ita, ka tafi da sunanka mai kyau. Amma ranar da za a tara kowa da kowa, mutanen garin nan suna tsaye, ina so ka faɗa da bakinka wanda ya ɗauki murfin nan, ina ji. Daga nan sai mu ga abin da zan iya.

Allah Ya sassauta maka kwanciya, Ya yafe maka abin da ke tsakaninka da Shi. Nawa yana nan. Sai mun haɗu.

Ɗanka na fari, wanda har yanzu yake ɗauke da kayanka,
Habu